Kogi Yana da Kalandarsa, Yana Kuma da Masu Shi

Daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi a Kano, duk fitilar da ke kunne daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Unguwa Uku takan cika da shinge. Yara su fito da kwanukan ruwa suna tarawa, da safe ƙadangaru su yi biki, masu shaguna a Court Road su share tulin fukafukai daga bakin ƙofa. Abin da mazaunin birni ba ya gani shi ne, a wannan daren irin wannan shingen yana faɗawa a saman ruwan Tiga da na Kogin Kano, kifaye suna tasowa daga ƙasa suna cafke shi ɗaya bayan ɗaya. A kan wannan ɗabi'a ta kifi, wato son ƙwaron da ya faɗo ruwa, aka gina wani salon kamun kifi da ya shahara a Turai da Amurka, wanda za a iya kira fatsar gashi.

A ɗauka wasu abokai ne a Tarauni, tsofaffin 'yan aji ɗaya da yanzu suka zama likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki, suka yanke shawarar fita kamun kifi tare. Ɗaya daga cikinsu ya dawo daga karatu a Ingila da sandar fatsar gashi, sauran sun ga yadda ake yi a YouTube. Zafin Afrilu ya karye, gari ya fara kore, sai aka ce a sa rana a watan Yuni. Yadda aka saba, ranar za ta fito ne daga lissafin albashi da hutun ƙarshen mako da samun motar haya, sannan daga baya a tambayi inda ruwa yake. Wannan tsari a juye yake. Tafiyar da za ta yi kyau, a dawo lafiya, a kuma bar ƙofa a buɗe don wata shekara, ita ce wadda aka fara shirya ta daga kogin: wane hali yake ciki a wannan wata, wa ke da iko da shi, me yake ɗauke da shi. Abin koyi a fatsar gashi ma wannan ladabin ne, fiye da sanda da zare.

Abin da ake nufi da fatsar gashi

Mai fatsa a ƙasar Hausa yakan soka tana ko ƙullin tuwo a ƙugiya, ya jefa, ya jira. Mai fatsar gashi ba ya sa koto. Yakan ɗaure wa ƙugiyar gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaron da kifi ke ci a wannan lokaci, ya ɗora ta a saman ruwa yadda ƙwaro zai sauka. Tun da ƙugiyar ba ta da nauyin da za ta yi nisa da kanta, zaren ne ake yi mai nauyi. Da sanda mai tsawon kimanin ƙafa tara ake kaɗa shi gaba da baya a iska, har ya miƙe ya kai ƙugiyar inda ake so.

Dabarar ta tsufa. Wajen shekara ta 200 Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Aelian ya bayyana yadda mutanen Makidoniya ke naɗa jan ulu da gashin zakara a ƙugiya don yaudarar kifi. A Ingila, littafin Izaak Walton na 1653, wanda Charles Cotton ya ƙara wa sashe kan fatsar gashi a 1676, shi ya zama madogarar masu wannan sha'awa. A kogunan kudancin Ingila irin su Test da Itchen, ƙarshen Mayu da farkon Yuni ne lokacin da wani ƙwaron ruwa ke ƙyanƙyashewa da yawa, kifi ya rikice da ci, har ɗan koyo ma ya kama. Daga nan ne tunanin cewa farkon bazarar Turai shi ne lokacin fita kogi ya samo asali.

Sai dai Yunin Ingila daban, Yunin Kano daban. Can ruwan garau yake, mai fatsa yana hango kifin da yake nufi. Nan kuwa ruwan farko yakan kwaso jar ƙasa daga gonakin da aka share, kogi ya koma kamar kunun kanwa. Fatsar gashi da idon kifi take aiki, idan bai ga ƙugiyar ba an yi aikin banza. Wurin da ya fi kusa da Najeriya inda wannan salo ya yi suna shi ne Kogin Faro a arewacin Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai. Baƙi daga Turai da Afirka ta Kudu sukan je can neman giwan ruwa da tsage, amma a tsakiyar rani suke zuwa, a farkon watannin shekara, lokacin da ruwa ya ja baya ya washe. Wanda ya kwafo watan Yuni daga littafin Turawa ya kwafo lamba ne ya bar dalilinta.

Watan da kifi ke ƙwai

Akwai dalili na biyu da ya fi na farko nauyi. Farkon damina lokacin haihuwa ne a cikin ruwa. Da zarar kogi ya fara tumbatsa, tarwaɗa takan bar gurbinta ta haura cikin ciyawar da ruwa ya shanye, ta zuba ƙwai da dare. Macen karfasa a bakinta take riƙe ƙwai har su ƙyanƙyashe, ta ci gaba da ɓoye 'ya'yan a ciki idan ta ga haɗari. Gaiwa da ta kwashe rani a naɗe cikin busasshen laka a lokacin take farfaɗowa. Wanda ya fitar da tarwaɗa guda mai ciki a watan Yuni ya fitar da dubban ƙwai tare da ita.

Turawan da ake kwaikwayo sun san wannan, har sun mai da shi doka. A kogunan Ingila an hana kama yawancin kifayen ruwan daɗi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni kowace shekara, domin a bar su su hayayyafa, kuma sai da lasisin hukuma mutum ke riƙe sandar fatsa. Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan hikima ba ce. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samu siffarsa ta yanzu a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, a ƙarshen rani ake yin sa, wajen Fabrairu ko Maris. Sirrin manyan kifayen da ake fitarwa daga Matan Fada, kamar mai nauyin kilo 78 da ya ci gasar 2020, shi ne cewa ana hana su a wannan gurbi sauran shekara, ƙarƙashin idon Sarkin Ruwa. Dubban mutane da homa da gora suna iya faɗa wa ruwan a rana ɗaya ne saboda an ƙyale shi ya huta watanni.

Wannan ba ya nufin a soke tafiyar Yuni. Yana nufin a sauya burinta. Fitar farkon damina fitar koyo ce da buɗe ido: a koyi jifa, a nemi ƙananan kifaye masu cin ƙwaro a saman ruwa irin su kawara, musamman washegarin fitowar shinge, a gefen tafki inda ruwa ya kwanta ya ɗan washe. Babbar tafiya, wadda ake sa ran cika tukunya, a ajiye ta zuwa bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ruwa ya lafa, hanya ta bushe, kifi ya gama ƙwai.

Wane ruwa?

Mutumin Tarauni yana da sa'a ta fuskar hanya. Titin Zariya da ya ratsa ta gaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya wuce Na'ibawa, shi ne ke kai wa ga yawancin ruwan da ke kudancin Kano. Amma kusanci bai isa ya zama ma'auni ba.

Ruwa na farko da matafiyi zai haye shi ne na gadar Tamburawa, yankin da Kogin Challawa da Kogin Kano ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda ya bi ta Wudil. Shi ya fi kusa, shi ne kuma ya fi cancantar a wuce shi. Masana'antun Challawa da Sharaɗa, musamman na jimar fata, sun daɗe suna sakin ruwan da suka gama aiki da shi zuwa Kogin Challawa, kuma masu bincike a jami'o'in Najeriya sun yi rubuce-rubuce da dama kan ƙarafa masu guba irin su kuromiyam a wannan ruwa. Ruwan farko kuma shi ke wanko dattin da ya taru a magudanu tsawon rani. Ga ramukan da masu haƙar yashi suka bari a ƙasan kogin, waɗanda ba a ganin su idan ruwa ya gurɓace. Mutum yana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya ya nutse.

Gaba, kimanin kilomita 70 daga birni, akwai madatsar Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ita ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, kuma tana sama da duk masana'antun Kano. Kusa da ita akwai tafkin Bagauda. Ta yamma kuma akwai madatsar Challawa da ke Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992. Waɗannan su suka fi dacewa da baƙo mai fatsa. Sai dai akwai abin lura ga wanda ya zaɓi tsayawa a kogi ƙasan madatsa: yawan ruwan a nan hannun ma'aikata ne ke ƙayyade shi. Idan aka buɗe ƙofa ruwa zai ƙaru ko da sama ba ta da gajimare ko ɗaya. Tiga da Challawa suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, mai hedikwata a Kano, don haka tambayar ma'aikatanta na wurin tana cikin shirin tafiya. Can saman Tiga, inda kogin ya ratsa dajin Falgore, wuri ne mai ban sha'awa, amma dajin ya daɗe da sunan maɓoyar 'yan fashi, kuma bai kamata ayarin 'yan birni ya shiga ba tare da sanin hukumomin tsaro ba.

Ruwa ba ya rasa mai shi

Kuskuren da ɗan boko ya fi saurin yi shi ne ɗaukar bakin kogi a matsayin fili na kowa. Kowane gurbi yana da masuntan da ke ci da iyalinsu daga gare shi, yana da Sarkin Ruwa ko shugaban masunta, yana da dagaci. Akwai inda aka kafa kalli tun daren jiya, akwai inda aka shimfiɗa mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi a ƙarƙashin ruwa, akwai mashayar shanu, akwai inda matan gari ke wanki da wanka, wanda bai dace baƙin maza su tsaya da kyamara ba. Zaren fatsa da ya sarƙe a kallin wani ya yaga shi, ga mai fatsa ɗan tsautsayi ne, ga masunci kuwa asarar jarin wata guda ce.

Saboda haka matakin farko na shiri shi ne mutum biyu daga cikin ayarin su je mako ɗaya ko biyu kafin ranar, su gai da dagaci, su nemi ya haɗa su da Sarkin Ruwa, su faɗi ko su wane ne, su nawa ne, me suka zo yi. A nemi masunci ɗaya ko biyu su zama 'yan jagora, a yi ciniki a fili, a biya su kuɗin yinin da suka bari. Wannan kuɗi shi ya kamata ya zo a saman lissafin karo-karo, kafin na nama da lemo. A kogunan Ingila ma haka abin yake: an raba gaɓar kogi kashi-kashi, kowane kashi da mai shi da mai kula da shi, kuma akwai iyakar yawan sandunan da za su tsaya a rana. Bambancin kawai shi ne can an rubuta a takarda, nan kuwa a bakin dattawa yake.

Ribar wannan ta wuce zaman lafiya. Masuncin da ya tashi a Tiga ya san inda kawara ke taruwa da hantsi, ya san dutsen da ke da santsi, ya san launin gajimaren da ke nufin a tattara kaya. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma. Baƙon da ya zo da sanda mai tsada ba tare da ɗan gari ba, kifi da mutanen gari duk suna kallonsa.

A tafi nawa, a dawo nawa

Fatsar gashi ba ta son cunkoso. Zaren da ake kaɗawa yana bukatar fili a bayan mai jifa kamar yadda yake bukata a gabansa, kuma ƙugiyar da ke yawo a iska ba ta bambance kifi da kunnen aboki. Mutum goma sha takwas da suka sauko daga bas ɗaya suka jeru a gaɓa ɗaya za su kori kifin, su kuma ji wa juna ciwo. A kasa ayarin biyu-biyu ko uku-uku, kowane rukuni da wurinsa da ɗan jagoransa, kowa da tabarau da hula. A ajiye mutum ɗaya da ba zai riƙe sanda ba, aikinsa ƙidaya kawuna da duban sama.

Haɗura uku ne ya kamata a yi maganarsu tun a Tarauni, kafin a tayar da mota. Na farko jirgi. Jama'ar Kano ba su manta da 30 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da kwale-kwalen da ya ɗauko mutane daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai ya kife a madatsar Watari, aka rasa rayuka fiye da ashirin, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Lodi ne ya wuce kima. Dokar ayari ta zama guda: wanda ba shi da rigar kariya ba ya shiga jirgi, komai iya ruwansa, kuma ba a kai magariba a kan ruwa. Rigunan a saye su ko a aro su daga birni, kada a dogara da samu a can.

Na biyu tsawa. Hadarin farkon damina yakan taso daga gabas da la'asar, da iska mai ƙarfi a gabansa. Sandunan fatsa na zamani da zaren kabon ake yin su, wanda lantarki ke bi. Mutum a tsaye a fili a bakin ruwa riƙe da irin wannan sanda ya zama abin da ya fi kowane tsawo a wurin. Da jin rugugin farko a kwantar da sanduna a ƙasa a koma mota. Mafita mai sauƙi ita ce a bar Kano bayan sallar asuba, a yi fatsa da sanyin safiya, a yi azahar a gari, a kamo hanya kafin hadari ya haɗu.

Na uku ba ya nuna kansa a ranar. A hotunan Turawa mai fatsar gashi a cikin ruwa yake tsaye, amma sanye da wandon roba har ƙirji. Wanda ya kwaikwayi tsayuwar ya bar wandon, a ruwan madatsu da magudanan noman rani, ya miƙa kansa ga tsargiya. Ƙwayar cutar daga jikin dodon koɗi take fitowa, ta huda lafiyayyar fata, ta fi yawa kuma da tsakar rana. Sai bayan makonni zazzaɓi ko fitsarin jini ya bayyana, lokacin da an manta da tafiyar. Akwai magani, amma tsayawa a kan gaɓa ya fi sauƙi. Duk wanda ya shiga ruwa ya faɗa wa likitansa idan jiki ya canza.

Tambayar saki

Za a samu mai cewa, da gaskiyarsa, mene ne amfanin mutum ya ƙona mai zuwa Tiga, ya soki kifi a baki, ya ɗauki hoto, ya mayar da shi ruwa, a ƙasar da mutane ke kwana da yunwa? Al'adar kama-ka-saki da ta yaɗu tsakanin masu fatsar gashi a Amurka da Ingila ba kowa ya yarda da ita ba, ko a Turai. Suwizalan ta hana mutum ya fita fatsa da niyyar sakin duk abin da ya kama, bisa hujjar cewa azabtar da dabba ne don nishaɗi. A fiƙihun Malikiyya da aka ginu a kai a Kano, Risala ta Ibn Abi Zaid ta sa farauta don wasa kawai cikin abin ƙi, ta halatta wadda ake yi don amfani.

Matsayar da ta fi dacewa da wannan ƙasa a tsakiya take. A fita da niyyar ci, a ƙayyade tun a gida nawa kowa zai ɗauka, abin da ya isa gashi ɗaya a bakin ruwa da ɗan tsarabar iyali. Ƙananan da ba su kai ci ba, da macen da cikinta ya cika da ƙwai, a mayar da su nan take da jiƙaƙƙen hannu. Danne ƙayar ƙugiya da filaya kafin a fara yana sa zare ta ya zo da sauƙi, daga bakin kifi ko daga yatsan mutum. Wannan saki ajiya ce, irin wadda manomi ke yi wa iri. Idan kuma kamu bai yi ba, a sayi kifi a hannun masuntan wurin a farashin da suka faɗa. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da lantarki. Ayarin da ya ga ana yin ɗaya daga cikinsu kada ya sayi ko ɗaya daga abin da aka kama ta wannan hanya.

Abin da tafiyar za ta bari

Mutanen da ke iya shirya irin wannan tafiya daga Tarauni su ne waɗanda ke zama a kwamitoci, suna rubuta rahotanni, suna ba gwamnati shawara. Yawancinsu ruwan da ake tacewa a Tamburawa da Challawa ne ke zuwa famfunan unguwanninsu idan ya zo, shinkafar Kura suke ci, amma ba su taɓa tsayawa sa'a guda suna duban kogin ba. Tun da aka datse Tiga da Challawa ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya na can ƙasa suka biya kuɗin ci gaban da aka samu a sama. Lauya ko likitan da ya yini tare da masunci, ya ji daga bakinsa irin kifin da kakansa ke kamawa wanda yanzu ba a gani, zai karanta labarin gurɓatar Challawa da wani ido daban.

Don haka idan shinge ya sake cika fitilun Gyaɗi-Gyaɗi, aka fara maganar sa rana, mai hankali a cikin abokan ya nemi a dakata da zancen mota da abinci. A fara tura mutum biyu su gai da Sarkin Ruwa, su tambaye shi yaushe ya ga ya dace a zo. Ranar da ya faɗa ita za a rubuta.